Wankan Jego, Kunun Kanwa Da Ɗakin Awo: Abin Da Ya Kamata Masu Aikin Sa-kai Su Sani Kan Al'adun Haihuwa A Agege

A unguwannin Hausawa na Legas, irin su Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, asibiti ba ya da nisa. Mazaunin Zangon Agege yana da Babban Asibitin Orile-Agege a kusa da shi, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja. Su kuwa mutanen Idi-Araba, unguwa ɗaya suke da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Duk da haka, har yanzu akwai matan da ke durƙusawa su haihu a ɗaki, akwai kuma waɗanda ba a kai su asibiti sai abu ya ɓaci.

Masu aikin sa-kai a fannin lafiya, waɗanda ke bi gida-gida suna jan hankalin mata zuwa awo da rigakafi, su ne suka fi kowa cin karo da wannan lamari. Da yawansu sun iya abin da aka koya musu a wurin horo, amma ba a koya musu abin da ke gudana a ɗakin mai jego ba. Wanda bai san dalilin da ya sa ake yin wata al'ada ba, da wuya a saurare shi ranar da ya ce a bar ta.

Alƙaluma sun nuna girman abin da ake magana a kai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na shekarar 2020 ya ce mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya a wannan shekara sakamakon ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan mace-mace a duniya baki ɗaya. Binciken Ƙidayar Jama'a da Lafiya na Ƙasa na 2018 kuma ya gano cewa kashi 39 cikin ɗari ne kacal na haihuwa ke faruwa a asibiti. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin bai wuce kimanin kashi 16 ba, alhali a Kudu maso Yamma ya haura kashi 70. Matar Bahaushe a Agege tana zaune ne a tsakanin waɗannan alƙaluma biyu: gidanta yana Kudu, tarbiyyarta da iyayenta suna Arewa.

Al'adar da ta yi ƙaura

Zaman Hausawa a Agege ya haura shekara ɗari. Fataucin goro da na shanu ne ya kawo su, jirgin ƙasa kuma ya ƙarfafa zaman, musamman bayan da layin dogo daga Legas ya isa Kano. Zango ya kafu da sarkinsa da limamansa da mahautansa da wanzamansa, haka kuma da ungozomominsa. A yau akwai iyalan da kakanninsu ma a Agege aka haife su, suna jin Yarbanci kamar Hausa, akwai kuma amaren da aka kawo daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi cikin 'yan shekarun nan, waɗanda ba su san kowa ba sai miji da maƙwabta.

Al'adun haihuwa na Bahaushe an gina su ne a kan gida mai yalwa da dangi a kusa. Akwai uwa da gwaggo da inna, akwai tsakar gida da za a ɗora tukunyar ruwan wanka, akwai yaran da za a aika. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya bayyana yadda wannan tsari yake a ƙasar Zazzau a farkon ƙarnin da ya wuce. A Legas kuwa, sau da yawa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, banɗaki na tarayya, miji ya fita kasuwa tun asuba. Al'adar ta iso Legas, amma dangin da ke riƙe ta da yawansu sun tsaya a gida.

Darasi daga ƙasar Masai

Kafin a shiga ɗakin mai jego a Agege, yana da amfani a leƙa wata al'umma mai nisa, domin mutum ya fi ganin abin da ke jikin wani fiye da nasa. Masai makiyaya ne da ke zaune a kudancin Kenya da arewacin Tanzaniya, a yankuna irin su Narok da Kajiado da Ngorongoro. Ma'aikatan lafiya da suka yi aiki a cikinsu sun daɗe da lura cewa ana rage wa mai ciki abinci, musamman a watannin ƙarshe. Ana taƙaita mata madara da nama mai kitse, wani lokaci har a ba ta jiƙe-jiƙen da ke sa amai. Ungozomarsu, wadda suke kira enkaitoyoni, ita ke lura da wannan tsari.

Baƙon da ya ga haka zai iya ɗauka rashin tausayi ne. Amma dalilin Masai shi ne kada ɗan ya yi girma a ciki har ya gagara fitowa. A rugar da ke da nisan tafiyar sa'o'i zuwa asibitin da ake tiyata, doguwar naƙuda tana iya zama ajali. Don haka tsoron gaskiya ne, maganin da aka yi masa ne ke da illa, domin yana barin uwa da ƙarancin jini, jariri kuma da ƙarancin nauyi. Bayan haihuwa sai al'adar ta juya: a yanka dabba, a ba mai jego kitse da romo, a hutar da ita daga aiki, daga baya a yi wa uwa da ɗa aski a lokacin bikin suna.

Abin ɗauka a nan shi ne, kusan kowace al'adar haihuwa amsa ce ga wani tsoro da mutane suka gani da idonsu. Ma'aikacin da ya gano tsoron, zai iya kawo amsar da ta fi. Wanda ya tsaya ga zagin al'adar, an rufe masa ƙofa ke nan.

Kunya da goyon ciki

Abu na farko da mai aikin sa-kai zai tarar a gidan Bahaushe shi ne kunya. Ba a shelar ciki, musamman na fari. Yarinya kan ɓoye shi har sai ya fito da kansa, saboda nauyin surukai da kuma tsoron baki. Wannan ne ke sa mata da dama ba sa fara awo sai ciki ya kai wata biyar ko shida, alhali shawarar WHO ta 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko a cikin makonni 12 na farko. A awo ne ake gano hawan jini da ƙarancin jini, a ba da maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a yi allurar rigakafin tsinkau-tsinkau.

Kunyar tana bin mace har kan gwiwa. Jarumtar mace a al'ada ita ce ta daure naƙuda ba tare da ƙara ba, wata ma sai kukan jariri ne zai sanar da mutanen gida. Ungozomar gargajiya a ƙasar Hausa bisa asali ba mai karɓar haihuwa ba ce kamar ta asibiti. Galibi ana kiranta ne bayan ɗa ya faɗo, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta gyara ɗaki. Ma'ana, a sa'o'in da suka fi haɗari mace tana iya kasancewa ita kaɗai.

Sai goyon ciki, wato mayar da mai cikin fari gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, ta haihu a can ta yi wanka. Hikimar a bayyane take: yarinya ba ta san komai ba, uwarta ce ta fi cancanta ta kula da ita. Sai dai ga mazauniyar Legas, goyon ciki na nufin tafiyar kimanin kilomita 1,000 a mota da tsohon ciki, kuma sau da yawa daga inda asibiti ke kusa zuwa ƙauyen da babu. Mai aikin sa-kai ba zai hana tafiyar ba, amma yana iya tabbatar da abu uku: an tafi da wuri, an tafi da katin awo da sakamakon gwaje-gwaje, an kuma san asibitin da za a nufa a can tun kafin a tashi. Wasu iyalan sun samo mafita da kansu, inda uwar ce ke zuwa Legas ta zauna har a gama wanka, kamar yadda Inyamurai ke yi a al'adarsu ta omugwo.

Wankan jego da kunun kanwa

Babu al'adar haihuwar Hausawa da likitoci suka yi nazari a kanta kamar wankan jego. Mai jego kan yi kwana 40 tana wanka da tafasasshen ruwa, ana fyaɗa shi a jiki da ganyen tsamiya ko darbejiya, safe da yamma a kwanakin farko. A da har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Tana kuma shan kunun kanwa da cin kauri mai yaji. Tsoron da ke bayan wannan duka shi ne sanyi. Ana ganin jikin mai haihuwa ɗanye ne, idan sanyi ya shige shi za ta kumbura ta lalace.

A shekarun 1970, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, sun ba da rahoton yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego, har kusan mace ɗaya a cikin kowace haihuwa 100. Sun lura cewa abin ya fi tsanani a lokacin zafi, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da kuma zafin da ke ƙara wa zuciya aiki. Abin lura a nan shi ne, kumburin da ake wanka da shan kanwa domin gudunsa, shi ne babbar alamar ciwon. Idan mai jego ta fara kumbura, sai a ce wanka bai kama ta ba, a ƙara wa ruwa zafi, a ƙara kanwa a kunu.

Bincike na baya-bayan nan, musamman wanda Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, ya faɗaɗa fahimtar. Ya nuna cewa rama da talauci da rashin ilimin boko da hawan jini na lokacin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, suna da hannu mai ƙarfi a ciwon, don haka ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan tukunyar wanka. Duk da haka likitoci ba su saɓa a kan abu biyu ba: kanwa mai yawa tana cutar da mai hawan jini ko raunin zuciya, tafasasshen ruwa kuma yana ƙona fata, yana iya ɓata ɗinkin wadda aka yi wa tiyata ko ƙari.

Saboda haka saƙon da ya fi shiga shi ne na gyara. A yi wanka, amma a sirka ruwan har ya zama wanda hannu zai iya jurewa. A dama kunu, amma na gyaɗa ko na tsamiya, a bar kanwa ko a rage ta ƙwarai. A ci kauri da ganye da wake da ƙwai. A riƙe hutun kwana 40, domin wannan ɓangare na al'adar alheri ne zalla. Mata da yawa a duniya suna neman irin wannan hutu da kulawa ba su samu ba.

Cibiya, dakashi da askar wanzami

A ɓangaren jariri, abubuwa uku ne ke buƙatar kulawa. Na farko cibiya. Ana gasa ta da tsumma mai zafi, wasu su shafa man goge baki ko man zafi ko toka domin ta faɗi kafin suna. Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa jinin jariri, duk abin da ba shi da tsabta yana iya shigar da cuta. Gwamnatin Tarayya ta amince da man shafawa na kulohekzidin domin wannan aiki, kuma Jihar Sakkwato ta fara rarraba shi ga masu haihuwa a gida tun 2013, tare da ƙwayar misofurostol mai rage zubar jini bayan haihuwa. Tunda uwa tana son ta shafa wani abu a cibiya, sai a ba ta abin da ya dace ta shafa.

Na biyu dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. A wasu gidaje ana matse shi a zubar, a ce bai da kyau, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har nono ya yi fari. Alhali dakashi shi ne rigakafin farko na jariri. Shawarar likitoci ita ce a sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, wanda kuma ke taimaka wa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, sannan a ci gaba da nono zalla har wata shida.

Na uku aikin wanzami. Askin suna ba shi da laifi idan aska sabuwa ce. Cire belu da yankan angurya kuwa suna jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Haka ma yankan gishiri da ake yi wa mace idan naƙuda ta yi tsawo, wanda likitocin cibiyoyin yoyon fitsari, irin su ta Babbar Ruga a Katsina, suka daɗe da sanin cewa yana cikin abubuwan da ke huda mafitsara. Dokar Haramta Cin Zarafin Jama'a ta 2015 ta hana kaciyar mata. Waɗannan ba su da gyara, bari kawai ake yi.

A nan malamai suna da rawar takawa, domin jama'a kan gauraya addini da al'ada. Kiran salla a kunnen jariri, da raɗa suna, da yankan ragon suna, da aski a rana ta bakwai, suna da tushe a addini. Tafasasshen ruwa da kanwa da cire belu ba su da shi. Ko kwana 40 ɗin ma ba wajibin wanka ba ne a shari'a. Maganar malaman fiƙihu a kan jinin biƙi ce, wanda a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60. Idan limamin unguwa ya faɗi haka a wurin ɗaurin aure ko raɗin suna, ya fi takardar wayar da kai dubu tasiri.

Jinkiri uku

Masana lafiyar mata suna bayyana mutuwar masu haihuwa da abin da Thaddeus da Maine suka kira jinkiri uku a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Tun kafin nan, binciken Farfesa Kelsey Harrison a kan haihuwa 22,774 a Zariya, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa matan da ba su yi awo ba, aka kawo su a kan gaggawa, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba.

A Agege jinkirin farko ya fi yawa a cikin gida. Mace ba ta fita sai da izinin miji, mijin kuma yana iya kasancewa a mayankar Oko-Oba ko a kan hanyar Arewa da mota. Maganin wannan shi ne izinin dindindin: tun ciki yana ƙarami maigida ya faɗa a gaban matarsa da maƙwabta cewa duk lokacin da aka ga alamar haɗari a tafi, ko yana nan ko ba ya nan. Jinkiri na biyu a Legas cunkoson motoci ne da dare, don haka a san mai Keke ko direban da za a kira, a ajiye kuɗin mota daban, a kuma riƙe lambobin gaggawa na jihar, 112 da 767. Jinkiri na uku ya haɗa da harshe da kuɗi. Matar da ba ta jin Turanci ko Yarbanci tana buƙatar mai rakiya da zai yi mata tafinta, kuma wannan aiki ne da mai sa-kai ya fi kowa dacewa da shi.

Ta fuskar kuɗi, Jihar Legas tana da shirin inshorar lafiya na Ilera Eko, kuma a watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da suka cancanta. Ta fuskar kulawa ma ana samun ci gaba. Wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, aka buga a 2023, ya nuna cewa auna jinin da mace ta zubar da ba ta magunguna a tare cikin hanzari ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Wannan taimako ne da ba a samunsa a ɗaki.

Alamomin da ba a jira

Duk mai aikin sa-kai, da duk maigida da uwar miji, ya kamata su haddace alamomin da ke wajabta tafiya asibiti nan take. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, daina motsin ɗa, ko naƙudar da ta wuce sa'a 12. Ga mai jego: jinin da ya ƙi tsayawa, mabiyiyar da ta ƙi faɗowa, ruwa mai wari, haki, kasa kwanciya a miƙe, tarin dare da kumburin ƙafafu. Ga jariri: ƙin kama nono, shawara, numfashi da sauri, sanƙarewa, ko cibiya mai ja da ruwa.

Yadda ake shiga gida

Najeriya tana da gogewa a wannan fanni. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, mata masu sa-kai da Asusun UNICEF ya tallafa wa a jihohin Arewa sun riƙa halartar bukukuwan suna domin ɗiga wa jarirai rigakafi, sun samu shiga ne saboda 'yan unguwa ne. Shirin CHIPS da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a Lafiya, Jihar Nasarawa, a 2018, an gina shi a kan wannan tunani. Jihar Legas kuma tana da Hukumar Magungunan Gargajiya da ke yi wa ungozomomi rajista da horo, dama ce da ungozomomin zango za su iya amfani da ita.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. A fara da gaisuwa da barka, a nemi tsohuwar gidan kafin mai jego, domin ita ke dama kunu, ita ke ɗora ruwa. A tambayi yadda ake yi kafin a faɗi yadda ya kamata. A ware al'adu kashi uku: masu amfani a yaba su, waɗanda ba su da illa a ƙyale su, masu cutarwa a kawo madadinsu. A ɗauki ungozoma abokiyar aiki, a mai da ita mai rakiya zuwa asibiti, kada a kunyata ta a gaban matan da suka yarda da ita. A kuma sa maza a cikin maganar, a masallaci da majalisa da fadar Sarkin Hausawa, tunda izini da kuɗi a hannunsu suke.

Burin uwar miji da ungozoma da likita ɗaya ne, wato a ji cewa ta sauka lafiya, a yi suna, a gama wanka uwa da ɗa suna raye. Aikin mai sa-kai shi ne ya sa waɗannan mutane uku su san juna tun kafin daren naƙuda.